Kwan fitila ɗaya, tankin kifi uku: wa ke samun haske, wa ake bari a duhu?

Shirin yau na masu kiwon kifin ado ne a ɗaki, musamman masu ƙananan tankunan gilashi da ke son fitila ɗaya ta wadace su duka.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Ina da tankuna uku a jere kan kanta ɗaya, na rataya musu kwan LED guda a tsakiya don in rage wa batir nauyi. Bayan 'yan makonni, na tsakiyar ya cika da gansakuka har ba ka ganin kifin ciki, na gefe biyun kuma tsirran da na saya da kuɗina sai rawaya suke yi suna ruɓewa. Da farko na ɗauka haske kamar tuwo ne, an kasa uku kowa ya ɗauki nasa. Ashe ba haka ba ne. Ƙara tanki ba ya rage wa wani komai, matuƙar bai yi masa inuwa ba. Abin da ke yanke rabon kowa shi ne nisansa da fitilar, da kuma ta wane gefe hasken ke sauko masa.

Ga dokar farko: idan fitilar ƙarama ce kamar kwai, in ka ninka nisa sau biyu, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ta biyu: hasken da ya sauko a karkace bazuwa yake yi a fili mai faɗi, sai ya yi rauni. Kamar rana ce, ta tsakar rana ta fi ta la'asar zafi.

To mu yi lissafi. Fitila tana santimita 30 a saman tanki na tsakiya. Tsakiyar tanki na gefe kuma santimita 30 ce daga nan. Nisansa da fitila ya zama kusan santimita 42, ga kuma karkata. In ka haɗa biyun, abin da ke isa saman ruwansa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na abin da na tsakiya ke samu. Kun ga inda matsalata ta fito.

Wani zai ce, to a ɗaga fitilar mana. Eh, yana aiki, amma da tsada. In ka kai ta santimita 60, na gefe zai samu ɗan fiye da biyu cikin uku na rabon na tsakiya, an kusa yin adalci. Sai dai na tsakiyar ya koma kwata na abin da yake samu a da, na gefen ma ya koma kusan rabi. Wato an daidaita su ne ta hanyar rage wa kowa.

Kuma wannan duk a saman ruwa ne. Kafin haske ya kai ƙasa, murfi mai ƙura, ruwa mai dauɗa da ganyen da ke yawo a sama duk sai sun ci nasu.

Me na yi? Abu uku. Na farko, na canja kwan da doguwar fitila irin ta sanda wadda ta ratsa tankunan uku, don kowa ya samu haske daga samansa kai tsaye. Na biyu, na rufe bangon baya da farin kwali, yana dawo da hasken da ke tserewa. Na uku, na jera tsirrai gwargwadon buƙatarsu: Anubias da Java fern, waɗanda ba sa son haske da yawa, suka koma gefe, masu son haske suka zauna a tsakiya.

Kada kuma ku ce za ku rama wa na gefe ta hanyar barin fitila a kunne har dare. Na tsakiya ne zai biya da gansakuka, su ma kifin suna buƙatar duhu su huta. Awa 6 zuwa 8 a rana ta isa farawa.

Ido yana ruɗi, shi ya sa nake cewa ku auna. Ku sauke manhajar auna haske a waya, ku riƙe ta a saman kowane tanki a tsayi ɗaya, ku rubuta lambar. Ba cikakkiyar na'ura ba ce, amma za ta nuna muku wanda ake cuta. Ku gwada yau da daddare, ku faɗa min abin da kuka gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.