Adana Saiwar Furen Daliya a Lokacin Hunturu

Daliya fure ce 'yar asalin ƙasar Meziko, mai saiwa kamar dankali wadda ba ta jure ƙanƙara. Shi ya sa a Turai, da zarar sanyin farko ya baƙanta ganyenta, sai a datse kara, a tono saiwar a hankali, a kakkaɓe ƙasa, a kife ta ruwan cikin karan ya tsiyaye. Sannan a binne ta cikin busasshen yashi, a wuri mai sanyin digiri 5. Laima na ruɓar da ita, zafi kuwa na motsar da ita. Idan sanyi ya wuce a raba ta, amma sai yanki mai ido a gindin kara ne ke tsirowa.