Sauya goshin shafin intanet: Abin da ake yayi da abin da mai karatun Hausa yake buƙata

A watan Janairun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, sunan da aka ɗora a saman shafinta na farko ya yi aiki biyu a lokaci guda. Ya faɗa wa mai saye kuɗin da zai biya, ya kuma yi masa alƙawarin abin da zai samu a ciki. Jaridun larduna da hukumar NORLA ta fitar a shekarun 1950 sun bi wannan sawu. Wanda ya hango Sodangi ya san ta Kano ce, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, tun bai karanta layi ɗaya na labari ba.

Wannan fili na sama, inda suna da tambari suke zama, shi ne goshin jarida. Da karatu ya koma intanet, goshin bai ɓace ba, sai ma aka ƙara masa kaya. A yau, ban da suna da tambari, yana ɗauke da jerin sassan shafi, da akwatin bincike, da alamomin Facebook da WhatsApp, wani lokaci har da talla. Duk mai shafi, ko kamfanin jarida ne, ko makaranta, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko matashin da ya buɗe dandalin labaran yankinsu, bayan shekara biyu ko uku zai ji wani ya ce masa goshin shafinsa ya tsufa, ya kamata a sabunta. Sau da yawa gaskiya ce. Sai dai yayin da ake kwaikwayo an ƙirƙire shi ne a ƙasashen da intanet yake da araha da sauri, kuma don harsunan da babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu.

Yadda yayin ya riƙa juyawa

A shekarun 2000, goshin shafi faffaɗan allo ne mai sheƙi da inuwa, sau da yawa da rubutu mai motsi da aka yi da manhajar Flash. Fitowar iPhone a 2007 da yaɗuwar wayoyin Android suka rushe wannan tsari, domin allon da aka auna da fuskar kwamfuta ba ya shiga tafin hannu. A 2010 wani Ba'amurke mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar da ta zama ƙa'ida a yau, wato a gina shafi ɗaya da zai riƙa miƙewa ko tsukewa gwargwadon fuskar na'urar da aka buɗe shi a kai. Daga 2013, bayan Apple ya sauya kamannin manhajar wayoyinsa, aka yi watsi da sheƙi da inuwa, aka koma launi shimfiɗaɗɗe da siraran haruffa. Google ma ya sauƙaƙa tambarinsa a 2015. Ita kuwa Flash an rufe babinta a ƙarshen 2020.

Abin da ake yayi yanzu bai wuce 'yan abubuwa ba: ƙaton hoto ko bidiyo da zai cika fuskar farko, goshi mai maƙalewa a sama ko da mai karatu ya gangara ƙasa, baƙin bango da farin rubutu don karatun dare, sai kuma ɓoye jerin sassa a bayan wasu 'yan layuka uku da aka jera bisa juna. Wannan alama ta layuka uku ba sabuwa ba ce. Wani mai zane, Norm Cox, ya ƙirƙire ta don kwamfutar Xerox Star ta 1981, ta yi shekaru a kwance, ƙanƙantar fuskar waya ta sake tono ta.

A gwada shi a Tarai

Wurin da ya fi dacewa a auna waɗannan abubuwa ba ofis mai sanyi da intanet mai gudu a Abuja ba ne. A ɗauki mai karatu a Tarai, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya a kudancin Jihar Kano. Ya dawo daga gona, yana riƙe da ƙaramar Itel ko Tecno, ya sayi data ta kwana ɗaya, yana son ya san farashin taki ko abin da ake ciki game da masarautar Rano. Shi ne ainihin mutumin da ake yi wa shafin Hausa, kuma kowace kwalliya da aka ɗora a goshi daga aljihunsa za a biya kuɗinta.

Lissafin a bayyane yake. Rubutun labari guda, komai tsawonsa, bai kai nauyin hoto ɗaya da ba a rage ba, bidiyo kuwa ya ninka hoton sau da yawa. Idan aka sa bidiyo mai kunna kansa a goshi, mai karatu zai biya kuɗin abin da bai nema ba kafin ya ga abin da ya zo nema. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, don haka wannan asara ta ƙara tsada. Shi kansa Google, a ma'aunan da ya fitar a 2020, ya ce abu mafi girma a fuskar farko ta shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. A yawancin shafuka wannan abu hoton goshi ne. Inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, ƙaton hoto yana nufin farar fuska da jira, jiran kuma yakan ƙare da komawa WhatsApp.

Goshi mai maƙalewa yana da amfani a kwamfuta. A ƙaramar waya, idan ya yi kauri, ga kuma talla maƙale a ƙasa, filin da ya rage wa labari bai fi layi biyar ko shida ba. Siraran haruffa masu launin toka a kan farin bango suna da kyau a ido cikin ɗaki, amma a tsakar rana a bakin kasuwa ba sa karantuwa. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa karatun shafuka sun ce bambancin haske tsakanin ƙananan haruffa da bangonsu kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma ana iya auna wannan kyauta kafin a zaɓi launi.

Layukan nan uku ma suna da nasu cikas. Matashin da ya saba da waya ya san ƙofa ce. Dattijon da jikansa ya koya masa buɗe shafi jiya ba lallai ya sani ba, kuma abin da aka ɓoye ba a cika neman sa ba. Gyaran ba shi da wahala: a rubuta kalmar “Sassa” a gefen alamar, a kuma bar sassa biyu ko uku da aka fi nema a fili. Akwai kuma masu amfani da Opera Mini don tsimin data. Idan aka kunna tsiminta mafi tsanani, manhajar ba ta sauko da haruffan ado na musamman, kuma duk alamar da aka gina da irin waɗannan haruffa sai ta ɓace ko ta rikiɗe.

Haruffa masu lanƙwasa

A nan ne matsalar ta zama ta Hausa zalla, kuma a nan ne masu sabunta goshi suka fi yin tuntuɓe.

Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko sun yi ta fama da sautuka uku da babu su a Ingilishi. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka riƙa maƙala masa waƙafi. A shekarun 1930 ne aka tsayar da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya. Daga baya, bayan taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, hanya ta ɗan rabu a kan harafi na huɗu: Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya tana rubuta 'y. Kowane sabon injin rubutu da ya zo, sai an sake wannan gwagwarmaya. Masu tafireta sun riƙa ƙara lanƙwasar da biro. A shekarun 1980 har sai da aka nemi taimakon shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, wajen samar da zubin haruffa guda da zai ɗauki harsunan Najeriya.

A kwamfuta, tsarin Unicode ya ba waɗannan haruffa lambobinsu tun farkon shekarun 1990. Amma samun lamba daban, samun wanda zai zana harafin daban. Kowane zubin haruffa aikin hannun wani mai zane ne, kuma da yawa daga cikinsu sukan tsaya a haruffan harsunan Turai. Akwai ma wani abin da ya ƙara dagula lamarin: ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a rukunin alamomin masana furuci, manyansu Ɓ da Ɗ kuma, tare da ƙ da Ƙ, suna wani rukuni dabam. Saboda haka ana iya samun zubin da yake da ƙaramin harafi amma babu babbansa.

Idan waya ta ci karo da harafin da babu shi a zubin da aka zaɓa, ɗayan biyu take yi. Ko ta aro shi daga wani zubin, sai a ga ƙ ta fito siririya ko karkatacciya a tsakiyar kalma mai kauri, kamar haƙorin Makka a bakin da ba a shirya masa ba. Ko kuma ta ajiye ɗan fanko mai kusurwa huɗu a gurbinsa. Masu wannan sana'a suna kiran fankon da sunan awarar Japan, saboda kamar da suka yi, kuma daga nan ne Google ya samo sunan zubin haruffansa na Noto, wato babu sauran awara. Noto yana ɗauke da haruffan Hausa. Haka ma Charis da Andika na ƙungiyar SIL, kuma duka kyauta ake samun su.

Goshi shi ne inda wannan aibi ya fi fitowa, domin nan ne ake amfani da haruffan ado, manya, masu kauri, waɗanda aka fi zaɓa don kyau ba don cika ba. Mafitar da shafuka da yawa suka zaɓa ita ce zubar da lanƙwasar gaba ɗaya. Masu kare wannan suna da hujjarsu: mai bincike a waya yakan rubuta “kasa” ne ba “ƙasa” ba, kuma Bahaushe yana gane nufi daga zubin jimla. A cikin dogon labari hujjar tana da ƙarfi. A kanun labari mai kalma huɗu ko biyar, inda babu jimlar da za ta yi bayani, ƙarfinta yana raguwa. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, haka bari da ɓari. Ga kuma yaro ɗan firamare da malaminsa ya koya masa lanƙwasa da safe, da yamma ya ga manyan shafuka sun yar da ita.

Wanda yake son sa ajami a goshi, kamar yadda kamfanin Triumph na Kano ya taɓa fitar da jaridar Alfijir da ajami, yana da ƙarin aiki. Rubutun daga dama yake tafiya, kuma zubin Larabci na gama-gari bai yi kama da hannun da almajirin ƙasar Hausa ya saba gani a allo ba. Mafi sauƙi shi ne a ba gwanin rubutu ya rubuta sunan da tawada, a mayar da shi ƙaramin hoto marar nauyi, a kuma rubuta sunan da boko a bayansa don manhajojin da suke karanta wa makafi shafi.

Tambari shaida ne

Saura tambaya ɗaya da ya kamata a yi kafin a taɓa komai: shin mai karatu zai gane shafin bayan an gama? Jaridar New York Times ta riƙe tsohon salon rubutun sunanta fiye da ƙarni guda, kuma ɗigon da ta cire daga ƙarshen sunan a 1967 har yau ana ba da labarinsa. Kamfanin tufafi na Gap ya sauya tambarinsa a Oktoban 2010, jama'a suka yi masa ca, ya koma tsohon cikin mako guda. BBC ta gyara nata a 2021, amma ta bar akwatuna uku da haruffa uku a inda aka san su.

A Arewa wannan ya wuce batun ado. Labari yakan isa garuruwa irin su Tarai da Kibiya ne a matsayin hoton da aka ɗauko daga fuskar waya aka tura a WhatsApp, ba tare da adireshin shafi ba. Abin da kawai yake nuna asalinsa shi ne goshin da ya fito a saman hoton. Masu ƙirƙirar labaran ƙarya sun san haka, shi ya sa suke liƙa tamburan sanannun kafofi a kan ƙaryarsu, musamman lokacin zaɓe ko rikicin sarauta. Kafar da take sauya launi da tambari duk shekara tana rage wa masu karatunta ikon bambance nata da na jabu. Idan sauyin ya zama dole, a sanar da shi a fili, a nuna tsohon da sabon gefe da gefe na 'yan makonni, a kuma sauya na Facebook da sauran dandali a rana ɗaya.

Kafin a biya mai tsara shafi cikon kuɗinsa, akwai gwajin da bai fi minti goma ba. A ba shi jimla irin “Ɓarawo ya ɗauke ƙaho, 'yan Ƙaraye sun bi shi Ɗambatta” ya rubuta ta da kowane zubin haruffa da ya sa a goshi da kanun labarai, da manyan baƙaƙe da ƙanana, da masu kauri da na gicciye. Sannan a buɗe shafin a waya mafi araha da take cikin gidan, da datar waya ba da intanet na ofis ba, a fita da ita rana, a miƙa wa wanda bai taɓa ganin shafin ba, a ce ya nemo labarin noma.