Dokar Gini: Daga Zamanin Hammurabi Zuwa Yau

Kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Sarkin Babila, watau Hammurabi, ya sa aka sassaƙa dokoki wajen 282 a jikin wani dogon baƙin dutse. An tono dutsen nan a Susa ta ƙasar Iran cikin 1901, yanzu kuwa yana ajiye a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris.

Dokoki na 229 zuwa 233 sun tanadi hukuncin magini. In gida ya rushe ya kashe mai shi, to, kashe maginin za a yi. In ɗan mai gida ne ya rasu, ɗan magini ne zai biya da ransa. In kuwa dukiya ce ta salwanta, sai magini ya biya, ya kuma sake gina gidan da kuɗinsa. Dokar ba ta faɗi kaurin bango ko zurfin harsashi ba. Ta bar wa magini dabararsa, ta kuma ɗora masa alhakin abin da ya biyo baya.

Dokokin zamani sun ɗauki wata hanya dabam, ta rigakafi. Bayan gobarar da ta cinye gidaje fiye da 13,000 a London cikin 1666, Majalisar Ingila ta kafa doka a 1667 wadda ta wajabta gini da tubali ko dutse, ta ƙayyade kaurin bango, aka kuma naɗa masu duba aiki. Bisa wannan tafarki ne Nijeriya ta fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa cikin 2006.

Ba shakka wannan ci gaba ne, domin ba a kashe ɗa saboda laifin ubansa, kuma ana iya tsai da mugun aiki tun yana takarda. Amma alhakin ya rarrabu tsakanin mai zane, da injiniya, da ɗan kwangila, da jami'in da ya sa hannu, har ya zama in gini ya faɗi kowa sai ya nuna wani. Ran 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Ikko, mutane fiye da 40 suka halaka, alhali ƙa'idojin suna nan a rubuce.

Saboda haka ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin gini, da ɗalibin da ke koyon aikin injiniya, ya kamata su sani cewa rayukan jama'a ne amanar da ke hannunsu.