Ranar Sauka: Fita Yawo da Matasa Ba Tare da Aljihu Ya Ƙone Ba

 

An rufe lakwal, masu BEPC da BAC sun ji sakamako, an yi noman farko, ana shirin maimai. Tsakanin maimai da kaka akwai ɗan sarari, kuma a nan ne wasu magidanta ke cika alkawarin da suka ɗauka tun farkon shekara: in ka ci jarrabawa, zan kai ka Yamai ka ga gari. Kuɗin mota an tanada. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ranar da aka sauka, aka fita da ƴan shekara 14 da 16, idonsu ya buɗe, cikinsu ma ya buɗe.

Bari mu fara leƙawa nesa. Bahar Rum, tekun da mu a nan muka fi saninsa da labarin ƴaƴanmu masu bi ta Agadas zuwa Libiya, akwai kuma masu hawansa don shaƙatawa. Kamfanoni irin su MSC da Costa suna da jiragen ruwa masu ɗaukar dubban mutane. Jirgi ya kwana yana tafiya, da safe ya tsaya a Barselona ko Marsai ko Napoli, fasinjoji su sauka su wuni a gari, da yamma su koma. Ɗaki da abinci suna cikin tikiti. Kuɗi na zurarewa ne a ranar sauka, domin kamfanin yana sayar da nasa yawon da mota da ɗan jagora, kuma kuɗin kai-kai ne. Iyali mai mutum biyar sai ya biya sau biyar. Iyayen da suka san kan abin sukan cika ciki a jirgi kafin su fita. In an tsaya a tashar Cibitabekiya, wadda ke da nisan kusan kilomita 80 daga birnin Rum, sai su hau jirgin ƙasa da kansu. Sun kuma san cewa a gidajen tarihin gwamnatin Italiya, wanda bai kai shekara 18 ba ba ya biyan kuɗin shiga. Sai dai akwai sharaɗi: jirgi yakan jira waɗanda suka bi yawon kamfani in sun makara, amma wanda ya fita da ƙafarsa, in lokaci ya wuce, sai dai ya hango hayaƙi.

To, mu namu jirgin kar ne, irin na Rimbo ko STM, tekunmu kuma kwaltar da ta taso daga Madawa ta bi Galmi, Tsarnawa, Ƙonni, Dogondutsi da Doso, tafiyar kusan kilomita 500 kafin Yamai. Shi ma ba ya jiran kowa.

Ɓarna tun a hanya take farawa. Ku dubi abin da ke faruwa in kar ya tsaya a Dogondutsi. Kafin direba ya kashe mota, an kewaye tagogi: mai dafaffen ƙwai, mai tsire, mai lemun kwalba da raɓar sanyi a jikinta, mai burodi. Yaro ya taɓa ka, "Baba, ƙishirwa." Ƙanwarsa ta ce ita ma. Ka miƙa jikka ɗaya, canji bai dawo ba direba ya danna oda. A yi haka a tsayawa uku, kuɗin wuni guda a Yamai ya tafi ba a ga ko gada ba. Mu kuwa ƴan Madawa ne, garin kilishi. Abin kunya ne a ce mun fito daga nan muna sayen nama ta tagar mota. A saya tun a gida, a naɗe cikin takarda, a haɗa da dambu ko soyayyiyar gyaɗa, kowa da gorar ruwansa.

Shawarar da na fi ba wa ƙarfi ita ce wannan: a raba kuɗin tun kafin a tashi, a damƙa wa kowane yaro nasa a hannu, a gaban uwarsa, a gaya masa iyakarsa ke nan har a dawo. Na san wasu dattawa za su ce ai ɓata yaro ne. Ni ban yarda ba. Yaron da ke ci daga aljihun babansa bai san ciwon kuɗi ba, roƙo kawai ya sani. Amma ka ba shi jikka biyu ka ce tasa ce, sai ka ga ya tsaya gaban mai lemu yana juya kwalbar, yana tambayar farashi, ya ajiye, ya ce ruwa ma ya isa. Kuɗin katin waya da na intanet su ma a sa su cikin wannan rabo, domin nan ne ramin da iyaye ba sa gani.

Sannan a ba su aiki. Babban ya riƙe lissafin taksi, ya tambayo kuɗin kai-kai a wurin mai masauki kafin a fita, don kada a ɗauke ku haya alhali taksin Yamai na haɗaka ne. Yarinyar ta zaɓi wuri guda da za a je. Wanda ya zaɓi wuri da kansa ba ya ɓata rai in an isa.

Wuri ɗaya mai kuɗin shiga ya isa a wuni. A Yamai kuwa babu kamar gidan tarihi na ƙasa, Musée National Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. Da tikiti ɗaya yaro zai ga zaki da dorina, ya tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Agadas, ya ga ragowar itaciyar Tenere da wata mota ta ture a 1973, ya kuma kalli maƙera da dukawa suna aiki a rumfunansu. A shiga da wuri kafin rana ta take. Sauran wunin na kyauta ne: sallar azahar a babban masallaci, zagaya Babbar Kasuwa da sharaɗin ido ne kawai ke cefane, da la'asar kuma a je bakin kogin Kwara a ga gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Yaron da ya tashi yana ganin ruwa sai a gulbin Tarka ko Majiya lokacin damina, wannan kallon kaɗai ya biya masa kuɗin mota. Masu sha'awar raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 daga Yamai, su fara tambayar hukuma, domin tun harin 9 ga Agusta 2020 da aka kashe mutum takwas, zuwa can ba na kai-tsaye ba ne.

Wanda bana ba ta ba shi halin Yamai ba, kada ya ce babu inda zai kai su. A Majiya akwai layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. A Keita akwai tuddan da aka farfaɗo da su tun daga 1984 da tallafin Italiya, ƙasar nan da jiragen shaƙatawa ke tsayawa a gaɓarta. Mata ne suka yi yawancin aikin, su ne suka ɗauki duwatsun a ka. Ku tafi da kakarsu, ta nuna musu inda ta jera nata. Babu ɗan jagoran da zai kai ta, kuma ladanta goro ne.

Saura batun komawa. Tikitin dawowa a saye shi ranar da aka sauka, a ɓoye shi daban da kuɗin kashewa, tare da ɗan abin da ba a taɓawa sai rashin lafiya. Kowane yaro ya riƙe katin makarantarsa ko takardar haihuwa saboda shingen hanya, a rubuta masa lambar mai masauki a takarda, domin waya caji ke ƙare mata. Karukan Yamai da yawa da asuba suke tashi, shi ya sa wasu ke kwana a tasha. In an ce ƙarfe huɗu, ku gaya wa samarin ƙarfe uku.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba.