Yadda Ake Rage Sarƙar Agogo Noti Bai Kwance Ba

Mutum ya tara kuɗi ya sayi agogon hannu mai sarƙar ƙarfe. Sarƙa ta yi masa yawa, aka rage masa. Bayan 'yan kwanaki yana bisa keke, ko yana noma, sai ya duba hannu ya ga wayam. Ba ɓarawo ba ne. Wani ɗan noti ne, wanda bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba, ya kwance ya faɗi.

Sarƙar agogo gaɓa-gaɓa ce. A waɗansu agogon 'yar ƙusa ce ke riƙe gaɓoɓin, a waɗansu kuwa noti ne. Hannu ba ya rabuwa da motsi. Motsin nan shi ke sassauta noti kaɗan-kaɗan, har ya fita.

To, akwai maganin wannan. Wani ruwa ne mai kama da gam, ana sayar da shi cikin 'yar kwalba. Wani malamin kimiyya na Amurka, Vernon Krieble, shi ya ƙago shi a 1953. Wanda aka fi sani sunansa Loctite. Halinsa abin mamaki ne. Muddin yana shan iska ba ya daskarewa. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda babu iska, sa'an nan ya sandare ya riƙe noti.

Ruwan nan iri-iri ne, da launi ake gane su. Mai launin shunayya, lamba 222, shi ne marar ƙarfi, shi ne kuwa na ƙananan notuna irin na agogo. Shuɗi ya fi shi ƙarfi. Ja kuwa na manyan injuna ne, ba ya saki sai an gasa shi da wuta. Kada ka kusantar da ja ga agogonka. Kada kuma ka sa gam irin na liƙa takalmi, gama zai manne gaɓoɓin duka.

Ga yadda ake yi:

1. Shimfiɗa farin ƙyalle, don in noti ya faɗi ka gan shi.
2. Nemi sukudireba wadda bakinta ya yi daidai da kan notin. Murɗa hagu.
3. In ya ƙi, kada ka yi ƙarfi, kansa zai lalace. Tsoma sarƙar kaɗai cikin ruwan zafi, ban da agogon, ka sake gwadawa.
4. Cire gaɓoɓi daidai wa daida daga kowane gefe, don maɓalli ya zauna a tsakiya.
5. Goge notin sarai, gama maiƙo yana hana ruwan kamawa.
6. Ɗebo ruwan da bakin allura, ka shafa wurin da notin ke murɗawa kaɗai. Ɗigo guda ma ya yi yawa.
7. Ɗaure noti, ka goge abin da ya fito. Lanƙwasa gaɓar ka ga tana motsi.
8. Ajiye agogon awa 24 kafin ka ɗaura.

In ba ka da kayan aiki, kai wa mai gyaran agogo, ka ce ya sa maka marar ƙarfi. Gaɓoɓin da aka cire kuwa ka adana su, wata rana ɗanka mai kaurin hannu zai bukace su. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke kwance notin sarƙa?
2. Wane launi ne ya dace da agogo?
3. Awa nawa za a jira?