Buhun albasa da saƙon waya

Shirin yau na ƴan makaranta ne, ƴan kwaleji da ƴan lise na Malbaza, Dogerawa, Konni har zuwa Illela, waɗanda ke yini da waya a hannu, da zarar ta tsaya su ce "rezo ya ɗauke". To, mene ne ya ɗauke ɗin? Daga ina kuma ya ɗauke?

Ita wannan waya, ɗalibi, kwamfuta ce sak, girma kawai ta rasa. Tana da ƙwaƙwalwa mai lissafi, da wani ɗan faifai da take baza aikin da ke hannunta, da rumbun da hotunanka ke kwana ko an kashe ta. Idan faifan ya cika, waya ta dinga nauyi, ko da rumbun babu komai a ciki. Harshenta kuwa baƙi biyu ne rak, 0 da 1. A jera su takwas, an samu bayit ɗaya, wato kimanin harafi guda. Megan da kake saye da kuɗin karin kumallonka, kowane ɗaya bayit wajen miliyan ne.

Yanzu mu je Galmi. Ɗan kasuwar da zai kai albasa Abijan ko Akara ba ya tara ta tsibi guda ya tura. Buhu-buhu ake ɗurawa, a sa wa kowane alamar mai shi, a loda. Wata mota ta tashi da asuba, wata sai bayan la'asar, wata ma taya ta fashe mata a hanya. A can ne mai karɓa zai ƙirga, in buhu ya yi ɓatan kai ya aiko a sake turo wani.

Haka intanet ke yi da muryar da ka aika wa yayanka a WhatsApp. Ana yayyanka ta ƙunshi-ƙunshi, kowane ɗauke da lambar mai aikawa da ta mai karɓa. Ita ce adireshin IP. Ƙunshin ya tashi ta iska zuwa dogon ƙarfen nan na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, amma tafiyarsa ta iska gajera ce. Mafi yawan hanyar a ƙarƙashin ƙasa ake yin ta, cikin zaren gilashi siriri kamar gashi, haske na gudu a cikinsa. A kowace mararraba akwai na'urar da ake kira rauta, tana duba adireshi kamar ɗan kamasho a Tsarnawa: wannan Tawa za shi, wancan ya miƙe Maraɗi. In hanya ɗaya ta toshe, ta nemi wata. Ni a ganina wannan dabarar ce ta fi cancantar a koya wa ɗalibi kafin a ɗora masa haddar sunayen maɓallai.

Intanet ɗin ma ya fara da tuntuɓe. A 1969, a Amurka, aka so aika kalmar LOGIN daga jami'ar Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu kawai suka isa, na'urar ta tsaya.

Mu a Nijar akwai ƙarin wuya: ba mu da teku, alhali manyan igiyoyin da suka haɗa nahiyoyi a ƙasan teku suke kwance. Dole zarenmu ya ratsa ƙasar maƙwabta, irin su Benin, kafin ya kai gaɓa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a ƙasashe da dama. A irin wannan rana mutum na iya tsayawa gindin eriya a Malbaza, sandunan wayarsa a cike, saƙo ya ƙi tafiya, domin matsalar tana ƙarƙashin ruwa, kusa da gaɓar Kodebuwa.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa: ku shiga saitin wayarku, ku nemo adireshin IP ɗinta, ku rubuta. Ku kashe data, gobe ku kunna, ku duba ko lambar tana nan yadda take. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.