Rabon Aiki da Tattalin Lantarki a Fasahar Girgije

Idan aka ce "girgije" a fagen ilimin kwamfuta, ana nufin manyan cibiyoyin bayanai, wato gine-gine da ke cike da dubban kwamfutoci masu yi wa jama'a hidima ta intanet. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 waɗannan cibiyoyi sun ci kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya. Wannan ne ya sa masana suka duƙufa kan tambayoyi biyu: a ina ya kamata a yi kowane aiki, kuma a wane lokaci?

Tushen matsalar shi ne kwamfutar da ke kunne tana cin wuta ko da ba ta aikin komai. A 2007, Barroso da Hölzle na kamfanin Google sun nuna cewa irin wannan kwamfuta kan ci kusan rabin wutar da take ci yayin cikakken aiki. Saboda haka manhajar da ke rabon aiki kan tattara ayyuka a kan kwamfutoci kaɗan, ta sa sauran su yi barci. Ɗalibin da ya taɓa tsara jadawalin darussa zai gane hikimar, domin ba a buɗe azuzuwa goma saboda yara talatin. A 2020 kuma, Google ya fara jinkirta ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar sarrafa bidiyon YouTube, zuwa sa'o'in da wutar rana da ta iska suka yawaita.

Hanya ta biyu ita ce sauke nauyi, wato wayar hannu ta tura aiki mai wahala zuwa girgije don ta adana batirinta. A nan ne ake yawan kuskure, domin turawar ita ma tana cin batir, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi. Sauke nauyi yana da riba ne idan lissafin yana da yawa amma bayanan da za a tura kaɗan ne, kamar neman mafita a wasan dara. Idan kuwa babban bidiyo ne mai buƙatar ɗan gyara, gara wayar ta yi abinta.

Sai dai kowane aiki yana da wa'adinsa. Ana iya jinkirta gyaran hotuna na tsawon sa'o'i, amma ba a jinkirta kiran murya ko saƙon na'urar da ke lura da bugun zuciyar majinyaci.